Layi Ukun da Sechelela Ta Gama

Ranar Talata, tara ga Janairu, da hantsi, Sechelela ta faɗi tsakanin layi na uku da na huɗu a gonarta ta inabi, ba ta kuma tashi ba. Almakashi na hannunta. Mijinta, Yeremiya Chibago, yana tsallaken shingen aguwa a tasa gonar, taku arba'in tsakaninsu, yana karanta rubutun da ke jikin robar maganin feshi. Sai da ya karanta har ƙasa, har da gargaɗin a wanke hannu, sannan ya lura ƙarar almakashin ta ɗauke.

Shekara talatin da ɗaya da aurensu, kuma duk tsawon shekarun gardamarsu ɗaya ce. Inabi a ƙasar Dodoma sau biyu yake haihuwa a shekara, da damina, wadda a can take farawa a Disamba, da kuma tsakiyar rani, kowa kuwa biyun yake tsinka. Sechelela ɗaya take ɗauka. Da zarar nonnan damina sun fito, 'ya'yan ba su fi ƙwayar dawa ba, sai ta bi su da almakashi ta zubar a gindin itacen. Aikin da take yi ke nan a safiyar. Ta gama layi uku, saura huɗu.

"An fara zubar da abincin mutane ke nan," ya ce mata ta saman shinge lokacin da ta shigo da kwandonta.

"Mwalimu, macen da ke haihuwa sau biyu a shekara, shekara nawa za ta yi a duniya?"

"Itace ba mace ba ne."

"To duba littafinka, ya gaya maka ko mene ne."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan. Daga baya ya sha juya ta a ransa yana neman wata ma'ana mai girma, bai samu ba. Gardama ce irin ta kullum.

Mwalimu, wato malam, kowa ke ce masa, don shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da kimiyya a sakandare. Yana da kanta huɗu na littattafai, ɗaya duk a kan inabi da giyarsa, rubutun mutanen ƙasashen da ƙanƙara ke sauka. Ya san sunan ƙasar noman garuruwan da ba zai taɓa takawa ba. Layukansa ashirin ne, a filin mahaifinsa, fes kamar filin fareti: takin buhu, feshi duk mako biyu, tiyo daga famfon gari. Nata bakwai ne, a filin da mahaifinta ya ara mata, kuma in baƙo ya gani sai ya ɗauka mai gonar ya yi ƙaura. Wake a tsakanin layuka, harawa da karan dawa a shimfiɗe, kashin shanu, ɓawon inabin da aka matse bara, ga gara tana kai da kawo a ƙarƙashi.

"Ciyar da ita nake yi don kada ta ci ni," takan ce.

Shi a durom na roba yake haɗa giyarsa, da yis na fakiti da ma'aunin zafi. Ita randa biyu gare ta a ɗakin duhu. Kowace shekara in tata ta nuna, kofin farko shi take miƙa wa. Sai ya gyara tabarau, ya kurɓa, ya juya a baki yadda littafi ya ce, ya amsa mata da abin da ya saba.

"Ba laifi. Da an ƙara tacewa."

Aka yi zaman makoki yadda ake yi. Mutane suka cika tsakar gida, suka cinye buhun dawa da akuya biyu, suna ta gaya masa cewa ta tafi hutu, waɗanda tana raye ba su taɓa karɓar mata bokiti ba. 'Yarsu Wendo ta zo daga Mwanza, ta yi kuka, ta share ɗakin uwarta, ta koma wurin aikinta. Ranar da aka tashi zaman, yayan marigayiyar, Matonya, ya tsaya bayan kowa ya watse. Dogon tsoho ne mai shanu, ba ya rabuwa da sanda, ba ya kuma kewaya magana.

"Shemeji," ya ce, yadda suke kiran mijin ƙanwa, yana nuna layuka bakwai ɗin da sandarsa, "ka san ƙasar nan ta babanmu ce."

"Na sani. Ai ba ka taɓa bari na manta ba."

"Aro aka ba ta. Mai aron ta tafi. Ni kuwa riɗi nake so in zuba."

"Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

"Shi ya sa ban zo da shanun yau ba." Matonya ya dogara a kan sandar. "Kowace shekara, kafin ruwan farko na Disamba, takan aiko mini da kwalba biyu. In ka kawo mini abin da harshena ya sani, daga itatuwan nan, na bar maka su har ka mutu. In kuwa wannan maganin tarin da kake yi a durom ne, zan ɗaura wa shanu garma."

"Kai ne za ka yi mini jarrabawa? Aji uku ka yi."

"Aji biyu. Na ukun shanu na bi. Amma ban taɓa shan taka na nemi ƙari ba."

Yeremiya bai tsorata ba. In za a faɗi gaskiya ma, a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu mai kama da zumuɗi, irin wanda mutum ba ya nuna wa kowa. Shekara talatin yana kallon itatuwa masu kyau a hannun sakaci, yanzu ga su a nasa hannun. Zai gyara su yadda ya kamata, ya kai wa Matonya giyar da za ta rufe masa baki, ya kuma riƙe mata gonarta. A ganinsa babu wata kyauta da zai yi mata da ta fi wannan.

Ya fara daga layi na bakwai. Ya tuge waken, ya tattara kara da harawa ya cinna musu wuta, ya bi ƙasa da fartanya. A sara na goma ya ji ƙas. Ya tona, sai ga tulu a binne har wuya, da faifan dutse a bakinsa, saiwoyi sun nannaɗe shi kamar yatsu. Ya tsaya yana kallo. Ya sha ganinta da rani tana bin layuka da bokiti tana sunkuyawa, ya ɗauka a ƙasa take zubawa, ya kuma sha gaya mata wannan ɗan ruwan ko kaza ba zai isa ba. Sai ya yanke cewa tulun matattarar ƙwari ce. Kafin ya gama layi huɗu ya fasa goma sha ɗaya, sauran ya tone su, ya jera duka a gindin shinge. Ya zuba takin buhu, ya jawo tiyo.

Da ya iso tsakanin layi na huɗu da na uku, kwandonta na nan a kife inda ta bar shi. Ya tsaya da fartanya a kafaɗa. Can ya ce gwiwarsa ce ke damunsa, gobe zai ƙarasa. Washegari ma gwiwar ce. Gwiwar da ke kai shi coci ta dawo da shi, ta hau keke har kasuwa, ita ce ta kasa taku uku a wurin nan. Haka layi ukun suka zauna yadda ta bar su, da wakensu da karansu da gararsu.

A watan Maris layi huɗun da ya gyara suka ba shi inabi kwando a kan kwando, tunda babu wanda ya zubar musu da nonnan damina. 'Ya'yan manya ne, cike da ruwa. Ya cika durom biyu, ya rubuta adadin a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi. Giyar da ta fito sai ka sha kofi guda kana tambayar kanka ko ka sha wani abu, amma ya ce ta damina ce, dama haka take. Ta rani ce zai kai wa Matonya.

Sai ruwan sama ya ɗauke da wuri, tun kafin Maris ya ƙare. A watan Yuni famfon gari ya fara tari. Kwamitin ruwa ya zauna a gindin kuka ya yanke cewa mutane da dabbobi ne a gaba: ba tiyo, ba ban ruwa, kowane gida jarka shida a rana. Yeremiya ya miƙe a taron ya yi bayani na minti ashirin a kan abin da inabi ke buƙata lokacin da 'ya'ya ke ƙosawa. Aka saurare shi da ladabi, don rabin kwamitin ɗalibansa ne, sannan aka maimaita masa: jarka shida.

Kafin tsakiyar Yuli ganyen layukansa ashirin ya fara naɗewa. Ƙasar da ya share fes ta yi tauri, ta tsattsage, in ka ɗora tafin hannu da rana sai ka janye. Layi huɗun da ya gyara sun fi shiga uku. Sun riga sun zubar da ƙarfinsu a haihuwar damina, ga shi garar da aka ƙone wa abinci ta koma kan dirkokin da ke riƙe da waya. Wata safiya ya tarar da dirka uku a ƙasa, wayar ta ja rassa sun kwanta.

A safiyar ce ya ɗaga kai ya dubi layi ukun da kyau, karo na farko cikin wata shida. Kore shar suke. An yi musu aski daidai, nonna sun sauko baƙi-baƙi. Kuma akwai wata tsohuwa a tsugune a gindin ɗaya tana tsiyaya ruwa daga jarka.

Mbeleje ce, maginiyar tukwane ta bayan coci, ƙawar Sechelela tun suna 'yan mata.

"Wa ya ba ki izinin shiga gonar nan, Mama Mbeleje?"

"Mai gonar. Tun kafin ka fara sa tabarau." Ba ta ko juyo ba. Ta mayar da faifan dutse bakin tulun, ta rufe da kara. "Tulu goma sha ɗaya ka fasa, Baban Wendo. Na ƙirga su a shinge. Hannun nan ne ya gina su."

"Ban san suna wurin ba."

"Shekara talatin kana kwana ɗaki ɗaya da matar da ke ɗura musu ruwa."

Ta dafa gwiwa ta miƙe da kyar, ta yi masa bayani kamar yadda ake yi wa yaron da ya maimaita aji. Tulun ba a shafe shi ba, gumi yake yi a cikin ƙasa, saiwa ta sha abin da take so, rana ba ta sace ko ɗigo. Karan da ke sama inuwar ƙasa ne. Gara kuwa tana cin karan tana fafe ramuka, in ruwan sama ya zo ya bi ramukan ya sauka maimakon ya gudu. Ka kwashe mata abinci, dole ta nemi wani.

"Akwai wannan a wani littafi," in ji Yeremiya a hankali. "Na taɓa gani."

"To da wancan ka karanta."

"Kuma ke ce kika yi musu aski?"

"A'a, mala'iku ne. Da almakashina." Ta tura masa jarkar da ƙafa. "Daga yau na gama. Bayana ya ƙi, ruwan gidana kuma na jikokina ne. Kwana huɗu-huɗu ake cika tulunan. In ka bari suka bushe mako guda, ka aika wa Matonya ya kawo shanunsa."

Ya zauna a kan dutse bayan ta tafi, ya yi abin da ya iya, wato lissafi. Jarka ɗaya tasa ce, sha da girki da ɗan wanka. Saura biyar. In ya raba biyar ga layi ashirin, kowane itace zai sami abin da bai kai kofin shayi ba, a kan ƙasa mai zafi, kafin ya juya baya ya tafi sama. In ya zuba su a tulu goma sha biyar na layi ukun, sun isa, har da ragowa. Ya sake lissafin ta wata hanya, ya sake, ko zai fito daban. Malamin kimiyya ne, ya san ba zai fito daban ba. Layukan nan ashirin shi ya dasa su da hannunsa shekarar da aka haifi Wendo.

Da la'asar ya naɗe tiyon ya rataye a rumbu.

Bakunan tulunan layi na uku ta gefen layi na huɗu suke, babu yadda za a cika su sai an taka wurin. Washegari ya turo keke da jarkoki, ya jingine, ya ɗauki ɗaya ya shiga. Gwiwar ba ta ce komai ba. Ya ɗaga kwandon, gara ta cinye gindinsa, saura baki da marataya. Ya rataye abin da ya saura a kan dirka, ya ɗaga dutsen farko, ya zuba ruwa. Tulun ya yi wani ƙara mai zurfi yana cika, ƙarar da ya gane yanzu cewa ya shekara talatin yana jin ta daga tsallaken shinge bai taɓa tambayar ta mece ce ba.

Daga ranar garin ya sami abin kallo. Mwalimu Chibago da farar rigarsa, a layin famfo tsakanin mata, sannan yana tura keke sau biyu a rana. Masu zaman shagon shayi suka ce ya koma ɗan garuwa bayan ritaya. Ya wuce su da kekensa, yawancinsu ya san makin da suka ci. Abin da ya fi masa wuya shi ne zuwa garken Matonya neman kara da kashin shanu.

"Shemeji, me za ka yi da kashi? Na buhun ya ƙare?"

"Zan shimfiɗa."

"Da karan?"

"Shi ma."

"Gara za ta zo fa."

"Ita nake kira."

Matonya ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya ce wa shanunsa, "Kun ji Mwalimu zai buɗe wa gara makaranta." Amma ya cika masa amalanke biyu, ya kuma ara masa jakinsa.

Ya je wurin Mbeleje ya ce ta gina masa tulu goma sha ɗaya. Ta sa shi ya tankaɗe mata yumɓu da kansa. Ya mayar da su layi huɗun da waɗanda ba su fashe ba, ya datse duk nonnan da ke kansu ya zubar a gindi, don itacen da ke neman ransa ba a sa shi haihuwa. Ragowar ruwan layi ukun nan yake kai ta. Ya kafa sababbin dirkoki, ya rufe ƙasar da kara har ƙafa na nutsewa. Bayan mako biyu ya ɗaga karan ya ga gara, farare, suna aiki a ƙarƙashi, ba ɗaya a jikin dirka. Ya daɗe a tsugune yana kallonsu kamar mai duba jarrabawa.

Saura kwana biyar a tsinka, Mbeleje ta zo tana dogara sanda.

"Ina baƙar tukunyar nan ƙarama?"

"Wace tukunya?"

"Ta gami. Tana ajiye ta bayan randa."

Tana kan teburinsa, ya zuba alƙaluma a ciki tun watan Fabrairu.

"Ka wanke ta da sabulu?"

"A'a."

"Yau dai lalacinka ya yi rana."

Ta sa shi ya tsinko nono uku daga tsohon itacen da ke bakin shinge, kada ya wanke, ya murtsuke da hannu a tukunyar, ya rufe da ƙyalle. Ya buɗe baki zai yi maganar ƙwayoyin cuta, ta dube shi, ya rufe. Kwana uku tukunyar ta fara kumfa, ƙamshin ya cika ɗakin duhun, ƙamshin da ke jikin zanen Sechelela duk watan Satumba. Ya fita tsakar gida ya ɗan tsaya.

Inabin layi ukun bai yi yawa ba. 'Ya'yan ƙanana ne, fatarsu da kauri, in ka ciza zaƙin har maƙogwaro, sannan wani ɗan bauri ya biyo baya. Randa ɗaya suka cika. Ya juye gamin a kai, ya rufe. Ya kawo ma'auninsa, babu mai hana shi, amma Mbeleje ta ce Sechelela kunne take karawa a jikin randar safe da yamma, don haka shi ma ya riƙa karawa, da ma'aunin a aljihu.

A rana ta huɗu aka tashi da sanyi, randar ta yi shiru. Ya kara kunne, babu komai. Ma'auni ya gaya masa abin da kunnen ya riga ya faɗa. Ya ɗauko fakitin yis daga kanta. Cokali biyu, kafin azahar ta farfaɗo, littafi bai taɓa yi masa ƙarya a kan wannan ba. Amma randa ɗaya ce, babu ta biyu, kuma harshen Matonya ya san ɗanɗanon fakitin nan. In kuwa ya bari ta mutu, ko maganin tarin ma ba shi da shi. Yana tsaye da fakitin a hannu idonsa ya kai kan ƙusar da ke bayan ƙofa. Tsohon bargonta ne a rataye, mai ja da baƙi, duk tabon inabi. Ya tuna sau nawa ya yi mata dariya tana lulluɓe randa kamar mai jego.

Ya mayar da fakitin. Ya naɗe randar da bargon, ya ɗaure da igiya, ya fita ya cika tuluna don kada ya zauna yana gadinta. Da la'asar ya dawo ya kara kunne. Can ciki, ƙasa-ƙasa, tana magana.

Matonya bai jira a aika masa ba. A makon ƙarshe na Nuwamba, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sai ga shi da shanu biyu da garma a kan amalanke. Ya ɗaure su a bakin shinge, ya shiga gonar yana taka kara. Ya bi layi ukun. Ya bi huɗun, inda itace talatin da ɗaya cikin arba'in suka fid da sabon toho. Ya leƙa tsallaken shinge, inda layuka ashirin suke tsaye kamar itacen girki.

"Waɗancan fa?"

"Ba su ka zo dubawa ba."

Suka zauna a kan kujeru a ƙofar ɗaki. Yeremiya ya kawo kwalba da kofin ƙarfe, ya tsiyaya. Ya ɗanɗana giyar tun mako biyu da suka wuce, ya san abin da ke cikin kwalbar.

Matonya ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Ya haɗiye, ya dubi shanunsa, ya dubi hadarin. Sannan ya kai yatsa ya gyara tabarau ɗin da ba shi da shi, ya maƙale murya.

"Ba laifi. Da an ƙara tacewa."

Yeremiya ya ji kamar an taka masa ƙafa. "Ta gaya maka."

"Kowace shekara. Ita ta fi ni iya muryar. Har sai mun riƙe ciki." Matonya ya miƙo kofin. "Ƙara."

Ya ƙara masa.

"Ba tata ba ce," in ji Matonya bayan ya shanye. "Tata ta fi laushi, taka tana da ɗan taurin kai. Amma daga ɗaki ɗaya suka fito. Itatuwan naka ne har ka mutu, kada dai ka daɗe." Ya goge baki. "Shanun nan fa? Na taso su tun safe, ba sa komawa haka."

Yeremiya ya nuna tsallaken shinge. "Ga wuri can. Ka bar mini layi biyar na gabas, da sauran rai a jikinsu, zan binne musu tulu. Sauran ka tuge ka zuba riɗinka. In ka girbe, karan nawa ne."

"Na gara."

"Na gara."

Matonya ya ɗauki kwalbarsa biyu ya cusa a jaka, ya je ya kwance shanun. Ba a daɗe ba aka fara jin garma na tsaga busasshiyar ƙasa, da muryarsa yana zagin na hagun.

Yeremiya ya ɗauki buhun ɓawon inabin da ya matse, ya kai gonar, ya bi gindin itatuwa yana zubawa yana rufewa da kara. Nan da wata guda nonnan damina za su fito, almakashinta na nan a kanta ta huɗu, ya wasa shi. Da ya iso tsakanin layi na uku da na huɗu, ya ajiye buhun ya tsaya kusa da ragowar kwandon.

Dariya take yi, in ji Matonya. Mai yiwuwa ke nan ta sani. Mai yiwuwa ta lura cewa duk shekara randarta ce ke raguwa, durom ɗinsa na cike har a kai wa masu biki. Ya so ya yarda da haka, ya kuma san cewa sani daban, ji daga bakin mutum daban. Sau talatin da ɗaya ta miƙa masa kofin ta tsaya tana goge hannu a zane tana jira, sau talatin da ɗaya maganar tana bakinsa, ya gyara tabarau ya faɗi wata.

Abin da ke bakin nasa bai fi numfashi ɗaya ba: taki ta fi tawa, Sechelela, tun kofin farko na sani.